Fangalin Annabi Isa

Ranar Lahadin da ta wuce aka yi Jibin Ubangiji a majami'armu ta nan Gummi. Dattawa suka biyo benci-benci da faranti, kowa aka miƙa masa ɗan farin abu mai kama da takarda, irin wanda ake sayowa a leda daga birni, da ɗan kofin roba da bai fi murfin kwalba ba. Na karɓa, na ci, na sha, na yi godiya, don ba a raina teburin Ubangiji. Amma gaskiya harshena bai ji komai ba. Abin yana taɓa miyau sai ya narke, ko tauna ba a yi. Ga na'urar magana tana ƙara a kan kunnena, ga yaro mai ganga yana dukanta kamar ta yi masa laifi. Na zauna ina kallon hannuwana, sai kewa ta kama ni har na kasa miƙewa da aka ce a tashi. Jikata ta zaci ciwon ƙafata ne ya motsa. Ni kuwa kukan jigo nake nema a cikin wannan hayaniya, ban same shi ba.

Yaran yanzu ba su san jigo ba. In ka ce musu ban-ruwa, inji suke gani da tiyo da jarkar fetur. A garin da na tashi, wani ƙauye a bakin gulbi tsakanin Bukkuyum da Gummi, doguwar sanda ake ɗorawa a kan gwafa, a ɗaure guga a kai ɗaya, a manna curin laka a ɗaya kan. Mutum ya ja gugan ƙasa ya sha ruwa, nauyin lakar ya ɗago shi, ya juye a magudana, ruwa ya bi ya shiga fangali, wato ɗan filin shuka da ake kewayewa da kunya don ya riƙe ruwa, bai fi faɗin tabarma biyu ba. Da ɗari ya shigo, gari bai gama wayewa ba za ka ji itacen yana kuka, ƙiii, sai ruwa ya zuba, shaa, sai kuma ƙiii. Kowane jigo da muryarsa. Inna takan saurara daga kan gadonta ta ce, "Wancan na Nomau na, ya riga kowa." Daga nan sai tabare su amsa daga gida-gida, sai shanun Fulani su gangaro mashaya, matansu na biye da ƙore suna kiran nono. Da waɗannan muryoyi muke sanin lokaci, babu mai agogo sai babanmu, shi ma nasa rabin shekara a tsaye yake.

Mu baƙi ne a garin. Babanmu mutumin Zuru ne, aiki ya kawo shi ɗakin shan magani. Masu bin Yesu ba mu da yawa: gidanmu, da malaman makaranta biyu da iyalansu, da wani mai haƙar rijiya da ke waƙa kamar ana yanka shi, amma ba ya fashin Lahadi. Muna da ɗan ɗakin laka a gefen gidanmu, da jinka a kai, nan muke sujada. Baba ke karatu ya yi addu'a, amma jibi sai fasto, shi kuwa daga nesa yake zuwa a kan keke in gulbi ya janye. To burodi babu shi a ƙauye a wancan zamani, Inna kuma ta kafe ba za ta ɗora dawa a teburin Ubangiji ba. Shi ya sa Baba ya je wurin maƙwabcinmu Baba Nomau, mai lambu a bakin gulbi, ya roƙi aron fangali ɗaya a shuka alkama. Baba Nomau ya tambayi ko ta mece ce, aka gaya masa. Sai ya nuna wanda ya fi kusa da jigo, wanda ruwa ke fara shiga. Mu muna ce mata alkamar jibi. Mutanen gari suka sa wa wurin fangalin Annabi Isa, kuma ban taɓa ganin yaro ya bar akuyarsa ta sa baki a ciki ba.

Aikina shi ne korar tsuntsaye. In alkama ta fara ido sai in tafi da gwangwani da tsakuwa a ciki, in zauna a kan kunya ina kaɗawa, ina sauraron Baba Nomau yana zagin albasarsa, don shi da shukarsa hira suke yi. In ta bushe Inna ta yanke da lauje, mu buge a kan tabarma, mu sheƙe, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta zuba a wani ƙaramin tulu ta liƙe bakin da laka. A cikin tulun nan ta jibi take, a nan kuma irin baɗi yake. Ranar da aka ce fasto ya iso, sai ta fasa lakar, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta niƙa a dutse tana waƙa a hankali, ta toya siririyar gurasa a kasko, babu gishiri babu mai. Ƙamshin yakan tsallake zana har maƙwabta su ce, "Baƙon Uwar Ladi ya taho." Ni ce Ladi. Abin sha kuwa soɓorodo ne, wato zoɓo, ja wur, ba a sa masa zaƙi, a zuba a wani ƙoƙon ƙarfe mai ɗan lotsawa a gefe, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Gurasar nan sai ka tauna ta, ka ji ta a muƙamuƙi, ka wuni da ɗanɗanonta a baki.

Sai abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Sanƙarau ya shigo gari da bazara, Baba ya yi ta jinyar mutane har ya kama shi, aka binne shi a bayan ɗakin sujada. Aka yi wa malaman makaranta canjin wurin aiki. Mai haƙar rijiya ya gama rijiyarsa ya ƙara gaba da muryarsa, har na yi kewarta. Muka rage ni da Inna. Fasto ya zo gaisuwa, daga nan muka daɗe ba mu sake ganin kekensa ba. Dangi suka yi ta aike daga Zuru a kan mu koma gida, Inna ta ce ita ba a sallame ta ba. Na ce wa zai sallame ta, ta ce wanda ya aje ta. Duk Asabar ta share ɗakin, duk Lahadi mu shiga mu biyu mu yi waƙa, benci duk babu kowa sai kaji da ke leƙowa. Ni ina budurwa a lokacin, na san a Zuru akwai ƙungiyar mawaƙa, akwai samari masu farar riga, ni kuwa ina nan ina yi wa kaji waƙa. Na ji haushi ƙwarai, ban kuma ɓoye mata ba. Amma duk ɗari sai ta shuka fangalin, duk girbi ta cika tulu. In sabuwa ta zo fasto bai zo ba, sai ta toya tsohuwar ta raba wa yaran unguwa, ta zuba sabuwar ta liƙe. Yaran har sun san lokacin, su taru a ƙofar gida suna haɗiyar miyau. Takan ce, "Ran da yaz zo, ba shi iske mu da tsohuwa."

Ana nan sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana shirin fidda kai, gonaki suka ƙone a tsaye. Gulbi ya janye har gugan Baba Nomau yana kankarar yashi, sai da ya haƙa rami a tsakiyar gulbin ya mai da jigon can. Albasarsa ta mutu, amma fangalinmu bai kwana babu ruwa ba, ya ba mu ɗan abin da ya kai rabin tulu. Kafin damina ta dawo rumbuna sun koma ɗakin ɓeraye. Tabare suka yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ba na mantawa, gari guda a wayi gari babu mai daka. Muna cin tafasa da dusa, wata rana tafasar kaɗai. Ni kuwa idona yana kan tulun nan da ke rataye a ragaya. Ran nan na kasa daurewa na ce, "Inna, wanda kike jira ba shi zuwa. Ya mance da mu. Ki hwasa mu ci." Ta ce, "In Fasto ya mance, Mai teburin bai mance ba. Ke ɗiyag ga, abin cikin tulun ga ba namu na ba. Kina da ƙahwa, kina da haƙora, tai ki ɗebo tahwasa." Na fita ina kuka, ina cewa a raina wannan mata ta fi son tulu da 'yarta.

A cikin wannan hali matar Baba Nomau, Tumba, ta haihu. Namiji ne, kuma shi ne na farko da ya zo musu da rai bayan sun binne waɗansu. Amma jikin da bai ci ba ba ya ba da nono. Zana kaɗai ta raba mu da su, saboda haka kukan jaririn a kunnenmu yake. Da farko kuka ne mai ƙarfi, na mai neman haƙƙinsa. Sannu a hankali ya sirance, ya koma kamar na ɗan mage. Ranar Lahadi muna cikin ɗakin sujada muna waƙa, sai na ji Inna ta tsaya a tsakiyar baiti. Ta karkata kai wajen zana. Babu kuka. Muka yi tsit, can sai muka ji shi, ɗan siriri, ya sake yankewa. Ba ta ƙarasa waƙar ba. Ta fita, ta sauko da tulun, ta ɗauki dutse ta fasa lakar. Ta wanke hannu har gwiwar hannu kamar yadda take yi in fasto ya zo, ta durƙusa a kan dutsen niƙa. Ta dama kunu da ɗan kanwa, ta ce in kai wa Tumba, in tsaya a kanta sai ta shanye. Na ɗauki ƙwaryar, ƙamshin yana dukan hancina. Na ce, "Inna, ni da nike ɗiyarki kin hana ni." Ta ce, "Ke kina iya jira. Shi ba shi iyawa." Kullum sai ta dama, har ta jibi ta ƙare, ta shiga iri, har sai da ta kife tulun ta bubbuga gindinsa. Kafin ya ƙare nono ya zo, kukan yaron ya dawo ya hana mu barci, ban kuwa taɓa jin daɗin a hana ni barci irin wannan ba. Sunansa Garba, amma gari ya sa masa Ɗan'alkama.

Tulu bai daɗe da zama wayam ba, ina tsinkar ganye a bakin hanya sai na hangi wani tsoho yana turo keke, ya cusa ciyawa a tayar baya saboda ta riga ta fashe. Baba Fasto ne. Ya rame har sai da ya yi magana na gane shi. Shekara da shekaru Inna tana jiransa da alkama, sai ya zo ran da babu ko ƙwaya. Ya sha ruwa, ya huta, sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ya kawo shi. Dattawan ikilisiya sun zauna sun ce wurin da ya rage mata biyu a rufe shi, an buɗe sabon wuri a wani gari, suna bukatar ƙoƙon jibi. An aiko shi ya karɓa, ya kuma ce mu koma gida. Inna ta ɗauko ƙoƙon a cikin tsummansa ta aje a gabansa, ta ce, "To, Baba Fasto. Amma ku ba mu jibi tukuna, sannan ku ɗauka." Ya ce, "Wannan daidai na. Kawo gurasa." Sai ta tsaya. Ran da aka binne Baba ma ban ga hawayenta a gaban mutane ba, amma ran nan ta rufe fuska da bakin zane ta fashe da kuka. Ta ce ta taɓa kayan Ubangiji ba ta tambayi kowa ba, ta cinye har iri.

Ya tambaya ina alkamar ta tafi. Ni na gaya masa, da ɗan zafi ma, don har lokacin ban huce ba. Ya ce yana son ya gani. Na leƙa ta zana na kira Tumba, ta shigo da yaron a kafaɗa, ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi. Garba ya buɗe baki ya tsala ihu har kaji suka watse. Baba Fasto ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo ya ce, "Uwar Ladi, mi kuke ci cikin gidan ga?" Ta ce, "Dusa da tahwasa." Ya ce, "Toya muna dusar." Ta ce, "Dusa, Baba Fasto? Abincin awaki bisa teburin Ubangiji?" Ya ce, "Ta alkama ai an riga an raba ta, ga wanda yac ci nan shina kuwwa. Mu da munka makara sai mu ci abin da munka iske." Ta kwaɓa dusa ta toya, abin ya ƙi haɗuwa, yana ta wargajewa a kasko. Muka shiga ɗakin mu uku, ya yi addu'a, ya gutsura ya ba mu. Tana da ɗaci, tana kartar maƙogwaro, sai da soɓorodo ya tura ta. Na ci jibi a manyan majami'u bayan wannan, ban sake cin wanda ya sa jikina rawa kamar shi ba. A nan haushin da nake yi da Inna ya sauka. Da zai tafi ta naɗe ƙoƙon ta miƙa masa. Ya riƙe shi, ya shafa lotsawar da yatsa, ya mayar mata. Ya ce, "In sun tambaye ni, sai in ce na iske shi cikin aiki."

Da ɗari ya zagayo ba mu da irin shukawa, Inna ba ta ce wa kowa komai ba. Ran kasuwar Gummi Baba Nomau ya tafi a ƙasa da ɗan irin albasar da ya rage masa, ya dawo da ƙullin alkama a bakin rawani. Bai shigo gidanmu ba, kai tsaye ya wuce lambu ya shuka. Daga wannan shekara iri ya koma hannun gidansu. Baba Fasto ya sake zuwa daga baya, ya kuwa iske sabuwa. Inna ta tsufa a garin, aka kwantar da ita kusa da Baba. Ni aure ya kawo ni Gummi, na taho da ƙoƙon. Amma duk girbi sai ƙulli ya iso ni daga gidan Baba Nomau, da a kan jakin 'yan kasuwa, daga baya a bayan babur, bayan rasuwarsa kuma daga hannun Garba. In toya, in kai wa fastonmu, ya haɗa da nasu na leda. Sai zinariya ta fito a yankin, aka bi lambuna da ramuka, ƙarar injin niƙan dutse ta maye gurbin jigo, yara suka yi ta ciwo. Duk da haka ƙullin bai fasa ba. Da masu bindiga suka tare hanyoyi ne ya daina zuwa. Girbi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, na ji labari garin ya watse, kowa ya kama gabansa. Kabarin iyayena ma ban san halin da yake ciki ba, wannan kuwa yana ci mini rai.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki sai na ji sallama. Wani tsoho ne da farin gemu da buta a hannu. Na ce, "Malam, wa ake nema?" Ya ce, "Yaya Ladi, Ɗan'alkama na." Yaron da na ɗauka a hannu, wai shi ne ya tsufa haka. Muka yi kuka, muka yi ta lissafin waɗanda suka rasu. Ya ce sun yi yawo a Anka da wasu wurare, yanzu suna zaune a wata makaranta a bayan gari tare da sauran 'yan gudun hijira. Sannan ya kwance bakin rigarsa ya fito da ɗan ƙulli da bai cika tafin hannu ba. Ya ce, "Ran da munka gudu, shi niɗ ɗauko, ko takalmi ban tsaya nema ba. Ba mu samu shukawa ba, Yaya, ki yi haƙuri." Na buɗe, ga ta nan da tokarta. Na ce, "Kun sha yunwa a hanya, kana ɗauke da wannan ba ka dama wa jikokinka ba?" Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Iri na hwa, Yaya. Ba a cin iri." Na ce, "Da ba a cin iri, Garba, da yau wa zai kawo mini wannan?" Sai ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, ni ma na taya shi.

Na raba ƙullin biyu. Rabi na dama kunu da ɗan kanwa, na ce ya kai wa ƙaramar jikarsa, ya tsaya a kanta sai ta shanye. Rabin kuma muka cika wani fasasshen baho da ƙasa a bayan ɗakina muka shuka. Ya ce wannan ai ko rabin fangali bai kai ba, irin ma ya kwana biyu, bai san ko zai tsiro ba. Na ce ni ma ban sani ba, amma ba a sallame mu ba. Yau da sassafe, bayan ya idar da salla, na ji motsinsa a bayan ɗaki, ya zo da sauran ruwan butarsa. Ina kwance na ji ruwan ya zuba a ƙasa, shaa. Na kasa kunne ina jiran itacen ya yi kuka.